Cikin Kifi Ba Ya Ƙarya

'Yar uwa, in kina cikin matan da ke gyaran kifi suna kau da kai, a tsaga ciki a yaye kayan ciki a watsa wa kaji ba tare da an ko duba ba, to ki ɗan ara mini kunnenki. Wannan ƙazantar da muke toshe hanci a kanta ita ta riƙe mini gida wata shekara, lokacin da abin ɗorawa a murhu ya nemi ya gagare mu.

Ni 'yar masunta ce. An haife ni a wani ƙauye a ƙasar Roni, Babanmu kuwa, Allah ya jiƙansa, da damina manomi ne, da zarar an kai amfani rumbu sai ya koma ruwa. Ba shi da kwalekwale, ba shi da taru irin na manyan masunta, gorarsa ce kawai da homa da ƙugiyoyi da yake ajiyewa a cikin wani tsohon gwangwanin madara. In ruwan kusa ya ja baya sai ya sa ƙafa ya bi tafkuna har wajen Gwiwa, ya yi kwana biyu ko uku kafin mu gan shi. In ya dawo kuwa, gyara aikin mata ne, ni da Innarmu. To yana da wata al'ada da take ba ni haushi a lokacin: ba ya yarda a zubar da tumbin kifi sai ya gani da idonsa. Zai zo ya tsuguna a gefena, ƙarni duk ya cika wurin, ya ce, "Ke, tsaga mini wannan." In na tsaga sai ya sa tsinke ya tona, ya daɗe yana dubawa kamar mai neman allura, sa'an nan ya ce, "To, gobe fara za a nema," ko kuwa, "Sun koma kan tana." Ina 'yar shekara goma, ni dai burina ya tashi in wanke hannu in tafi gaɗa.

An kawo ni Kazaure a 1993, shekara biyu da yanke Jigawa daga Jihar Kano. Maigidana ɗan gari ne, a wani kamfani yake aiki a Kano, ya tafi Litinin ya dawo ƙarshen mako. Saninsa da ruwa bai wuce ya hango dam in zai wuce ba. Tun ina amarya ƙannensa mata suka samo mini suna, wai "'yar ƙarni". Wasa ne irin na dangin miji, amma wallahi yana yi mini ciwo, har na kai ga ko kifi aka kawo gidan sai in nuna kamar ban iya riƙe shi ba. Haka na binne asalina fiye da shekara ashirin, na zama matar ma'aikaci mai sayen kifin ƙanƙara a leda.

A 2016, shekarar da naira ta faɗi kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, aka rufe kamfanin nasu. Malam ya dawo gida da jaka ɗaya da alkawarin za a biya su haƙƙinsu. 'Ya'ya biyar, babban yana karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a nan garin. Duk wadda ta taɓa zama da namiji wanda ya saba fita aiki ya wayi gari ba wurin zuwa, ta san abin da nake nufi. Ba ya faɗa da kowa, amma ko cokali ya faɗi sai gidan ya yi tsit. Ni kuma ina 'yar sana'ar awara a cikin gida, ina zubin adashi, da shi ake lallaɓawa.

Wajen watan Maris, zafi ya fara, kwasar adashi ta zo kaina. Da daddare ya kira ni ya ce, "Uwargida, ki ranta mini kuɗin nan. Na yi shawara zan fara zuwa dam." Yana nufin Dam ɗin Muhammadu Ayuba, wanda duk ɗan Kazaure ya sani. Kuɗin nan na riga na raba su a zuciyata, rabi na makarantar yara, rabi na buhun waken suya. Amma rabona da in ji ya ce "zan yi" wani abu an yi wata huɗu. Na tashi na ɗauko na ba shi.

Washegari ya shiga Kano, ya dawo da magariba fuskarsa kamar gonar auduga. Wai ya samu wani mai kayan gwanjo ya yi masa sauƙi. Sanda ce doguwa mai haɗe-haɗe, da wani ɗan keke a gindinta mai naɗe zare, sai kuma akwatin roba mai ɗaki-ɗaki. Da ya buɗe, yara suka yi caa a kai. Ƙananan kifaye na roba masu ido kamar na gaske, kowanne da ƙugiya mai baki uku tana reto a cikinsa. Tsutsotsi na roba masu laushi, ja da kore da ruwan hoda. Wasu kuma ƙarfe ne mai walƙiya kamar cokalin shayi, da gashi-gashi a jiki. Kai, abin gwanin kyau, ko a kabet aka jera su ba za a ce ba kayan ado ba ne. Ya ce, "Kin gani? Da wannan Turawa suke kamun kifi. Ba tonon tana, ba ƙazanta."

Na ɗauki tsutsa ɗaya na kai hanci. Warin sabon takalmin roba take yi. A take gabana ya faɗi, domin na san tarwaɗa ba za ta kalle ta ba. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya sa albarka, Malam."

Wata za ta ce na yi wauta, me ya hana in faɗa masa tun a daren? Ke dai bari. Mutumin da aiki ya kuɓuce masa, kuɗi suka kuɓuce, abin da ya rage masa a gidansa shi ne a ce ya san abin da yake yi. In na fizge wannan a gaban 'ya'yansa, da me zai tsaya? Ban da haka ma, in na buɗe baki sai na tono "'yar ƙarni" da na binne da hannuna. Har yau ban gama rarrabe wanne ne ya fi rufe mini baki ba a cikin biyun.

Kwana goma sha tara ya yi yana zuwa. Sai ya karya kumallo, rana ta ɗaga, sa'an nan ya saɓa sanda ya fita, ya dawo da la'asar ya yi baƙi ƙirin, leɓe a bushe, jaka ba nauyi. Kifayen robar nan ɗaya bayan ɗaya suna maƙalewa a ciyawar ruwa, zare ya tsinke. Ƙaramin ɗana da ya bi shi wata rana ya zo yana ba ni labari a ɓoye, wai yaran unguwa da karan dawa da tana suna cire karfasa a gefensa suna ƙunshe dariya. Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ranar da ya shigo da fara'a ya miƙo mini karfasa huɗu ya ce, "Yau an dace." Na kai su madafa, na buɗa bakin kowacce, babu hudar ƙugiya ko ɗaya. A bayan kai kuwa ga zoben da zaren raga ya shata musu. Sayowa ya yi a hannun masu raga. Na zauna a kan turmi na yi kukana, na share hawaye, na soya, na kai masa na ce sannu da ƙoƙari.

Babban ɗana ne ya warware mini asirin kayan nan. Ya ɗauki kwalin ya karanta, ya bincika a wayarsa, ya zo ya same ni ina tace waken awara. Ya ce an yi su ne domin wani kifi na Amurka da ake kira bas, kamar dai sunan motar haya. A can, in sanyi ya wuce ƙanƙara ta narke, wajen Maris zuwa Mayu, ruwa ya ɗan yi ɗumi ya kai kamar digiri 15 zuwa 18, sai kifin nan ya baro zurfi ya matso bakin gaɓa domin yin ƙwai. Namijin ne ke share wuri a ƙasan ruwa kamar faifai, macen ta zuba ƙwai, shi kuma ya tsaya gadi. A wannan lokacin duk abin da ya gifta kusa da sheƙar sai ya kai masa cafka, ko da ba ya jin yunwa. Kuma da ido yake farauta. Shi ya sa masu fatsar can suke jan tsutsar roba a hankali ta gaban sheƙarsa, ko su wurga mai walƙiyar nan su jawo da sauri ya ɗauka ƙaramin kifi ne ke gudu.

Ya kuma ba ni labarin mutumin da sunansa ke jikin ɗaya daga cikin kwalayen, Lauri Rapala, wani talakan masunci a ƙasar Finlan. Wai yana zaune a jirginsa yana kallon ruwa, ya lura babban kifi in ya afka wa garken ƙanana, mai rauni yake zaɓa, wanda ke tafiya yana tangaɗi. A 1936 ya sassaƙa ɗan kifi da irin ɓawon itacen nan marar nauyi da ake toshe kwalba da shi, ya naɗe shi da takarda mai walƙiya, ya yi ta gyara har ya riƙa tangaɗi a ruwa kamar mai rauni. Ina jin haka na ajiye matacin. Na ce ashe Bature ma tsugunawa ya yi ya duba, kamar Babanmu. Kayan nan ba na banza ba ne, an yi su ne a kan halin kifin wani ruwa, aka kawo su ruwan da ba su san kowa ba.

Domin bazararmu daban take. Watannin ɗaya ne a kalanda, amma mu a lokacin ruwa ya janye ya bar taɓo, ya yi ɗumi kamar an sirka na wanka, ya yi kore-kore ya gurɓace, ko hannunki kika tsoma ba za ki ga yatsunki ba. Kifin da ya fi yawa a hannun masu fatsarmu kuwa tarwaɗa ce da karfasa. Dubi tarwaɗa da kyau in kin sayo: idanunta 'yan mitsi-mitsi, ga gashin baki zako-zako. Da gashin nan take laluben ƙasan ruwa, da ƙamshi da ɗanɗano take gane abinci, kuma da dare ta fi yawo. Ki yi ta kaɗa mata walƙiya har gobe, in ba wari ba ta san kina yi ba. Karfasa kuwa ɗan bakinta ƙarami ne, gansakuka da ƙananan ƙwari take tsintsa, ina za ta kai ƙugiya mai baki uku? Kifin da zai bi irin kayan Malam da gudu shi ne mai farautar 'yan uwansa, kamar tsage ko giwar ruwa, irin wadda ake fitowa da ita a bikin kamun kifi na Argungu da aka fara tun 1934. Wannan kuwa ba a tsaye a bakin gaɓar da yara ke wanka ake samunta ba.

To sanin abu daban, yadda za a faɗa wa maigida daban. Kwana biyu ina juya abin. A rana ta uku na ƙirga cinikin awara na ba yaro ya sayo mini tarwaɗa biyu masu rai a bakin dam. Da la'asar sakaliya Malam yana zaune a tabarma a tsakar gida, ya jingina da bango yana kallon ƙasa, sai na ɗauko kujera 'yar tsugunno da wuƙa da roba na zauna dab da ƙafarsa, abin da ban taɓa yi ba. Na buga kan kifin, na tsaga, na ciro tumbin na ɗora a murfin kwano na farke. Na sa tsinke na baje. Ga ƙafar ɗan kwaɗo, ga guntun tana, ga ɓawon ƙananan katantanwa, ga taɓo.

Na ce, "Malam, dubi ikon Allah, ka ga abin da wannan ta kwana tana ci."

Ya leƙo. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ke a ina kika san wannan?"

Na ce, "Haba Malam, ka manta gidan da ka je ka ɗauko ni?"

Sai ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin a rufe kamfani. Ya ce, "'Yar ƙarni!" Karo na farko ke nan da sunan ya yi mini daɗi a kunne.

Daren nan muka raba dare muna magana, ni ina tuno abin da Baba yake yi, shi yana tambaya kamar ɗalibi. Na fara da lokaci, domin shi ne babban kuskurensa. Da bazara in rana ta take, kifi yana can ya lafe a gurbi mai zurfi ko ƙarƙashin inuwar ciyawa, ba ya cin komai. A fita da asuba kafin gari ya waye sosai, a dawo da hantsi, in za a koma sai rana ta yi sanyi har bayan magariba. Sa'an nan abincin ƙugiya. Tarwaɗa wari take bi, saboda haka na riƙa aiken yaro wurin masu figar kaji ya karɓo hanji, in zuba a gwangwani in rufe ya kwana ya ɗan tashi. In babu, tana, wadda da rani ba a samunta sai inda ƙasa ke da laima, gindin randa ko bakin lambu. Ɗan kwaɗo ma tana so, har guntun sabulun wanki na ga Baba yana sa mata. A ɗaura 'yar dalma sama da ƙugiya kaɗan domin abincin ya kwanta a ƙasa, a kafa sanda a jira. Kuma kada a fizga da taɓawar farko, tarwaɗa takan ɗanɗana ta saki, sai an ga zare ya miƙe yana tafiya.

Karfasa kuma nata salon daban. Ƙaramar ƙugiya, mafi ƙanƙanta da za a samu, da ɗan guntun kara a ɗaure a zare yana yawo a kan ruwa, domin ita a tsakiyar ruwa take ci, ba a ƙasa ba. Nakan kwaɓa dusa da ragowar tuwo da ɗan garin ƙuli-ƙuli in dunƙula. Ya fara watsa kaɗan a wuri ɗaya kusa da ciyawa, kullum wuri ɗaya, har su saba da zuwa, sa'an nan ya sa ɗan mitsitsi a bakin ƙugiya ko guntun tana. Da kara ya nutse a ɗaga. Ban da tsayuwa inda inuwar mutum za ta faɗa a ruwa, ban da buga ƙafa. Masu iya magana da suka ce kifi na ganinka mai jar koma, ai ba a ɗaki suka zauna suka ƙirƙira ba.

Sandar Bature da ɗan kekenta kuwa sun yi amfani, kada in ci amanarsu. Da ita yake wurga hanjin kaza can nesa inda karan yara ba ya kaiwa.

Ba zan ce miki mun yi arziki ba. Ran farko tarwaɗa uku ya kawo, kowacce da hudar ƙugiya a leɓe, na duba. Wata rana bakwai, wata rana ko ɗaya. Amma miya ta samu, na fara soyawa ina sayarwa tare da awara, wadda ta yi yawa in banda ta a kan waya da ɓawon gyaɗa, har wata mata 'yar Babura ta riƙa zuwa tana sara. Kafin kaka ya biya ni kuɗin adashina, da kaɗan-kaɗan, ina rubutawa a bangon ɗaki da gawayi. Ƙanwarsa da ta raɗa mini suna ita ce ta fi kowa aiko yaro a ajiye mata kan tarwaɗa na farfesu.

Akwai inda muka saɓa, kuma ban fita da gaskiya duka ba. Wani ya ba shi shawarar ya zuba maganin ƙwari a wani ɗan tafki da ya yanke, kifi ya taso a kwashe. Wannan na tsaya kai da fata na ce ba a tukunyata ba, abin da ya kashe kifi a cikin ruwa ba zan zuba wa 'ya'yana a kwano ba, balle na mutane. Ya ji. Amma da ruwan farko ya sauka, sai ga tarwaɗa cike da ƙwai tana kutsawa cikin ciyawar da ruwa ya malale, har da hannu ana kamawa, domin lokacin haihuwarta ke nan. Karfasa kuma sai in buɗa bakinta in tarar da ƙwai jere a ciki, don ita a baki take renon 'ya'yanta har su iya iyo. Baba ba ya kawo irin waɗannan gida, mayarwa yake yi ya ce kifin baɗi ne. Na gaya wa Malam. Ya ce, "Uwargida, in na sake ta na bayana ne zai kama, ga kuɗin jarrabawar yarinya." Na yi shiru. Na soya su har da ƙwan, kuma ya yi daɗi, kuma aka biya kuɗin jarrabawa. Sai a shekarar da ta biyo baya, da numfashi ya ɗan dawo mana, ya fara sakin masu ƙwai a baki, ban kuwa sake yi masa maganar ba.

Yanzu ya samu wata 'yar sana'a a kasuwa, dam sai ranar da ya ga dama. Kifayen roba uku suka rage, na cire musu ƙugiya da filaya, jikokina ke wasa da su a bahon wanka. Bara da ruwan farko ya shigo da magariba, ƙafarsa duk taɓo, ya ajiye jaka, ya jawo kujera ya tsuguna a gefena, ya zaro wata tarwaɗa ya ce, "Tsaga mini wannan." Na tsaga. Tumbin cike yake dam da shinge, fukafukan ma ba su narke ba. Ya juya ya kira autarmu ya ce ta kunna fitila a tsakar gida, ta ajiye roba da ruwa a ƙarƙashinta, da asuba yana son gwangwani ɗaya.